Tsohuwar Massey 135 ta Babanmu: wane mai zan zuba a inji, wanne a giya?

Ɗan Dandume:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sanin harkar tarakta ku taimaka min da shawara. Akwai tsohuwar Massey Ferguson 135 ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, tunda ya rasu take ajiye a gidan gona ba rumfa ba komai, rana ta doke ta ruwa ya doke ta, to bana kuɗin hayar haro ya fi ƙarfinmu shi ne ni da ƙannena muka ce bari mu tada ta kafin ruwa ya zauna. Batir mun sa sabo amma na hana a kunna sai an yi juye. Da na zaro gejin inji man baƙi ƙirin ne kuma ya haura alamar sama, na giya kuma fari-fari ya fito kamar kunun gyada. Bakaniken unguwarmu, na mota ne, ya ce in sayo mai mai lambar kauri 20W-50 in zuba a inji, bayan kuma in cika shi da giya oyil 140 wai tsohon ƙarfe kauri yake so. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wane mai ne daidai, lita nawa, kuma ta ina ake farawa?

Direban Tantan Kura:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Malam kar ka kuskura ka zuba 140 ɗin nan, hannun baya mai ɗaga garma ba zai ɗaga maka haro da safe ba sai rana ta take. Bari manya su shigo su yi maka bayani.

Alhaji Mai Haro:
Allah ya yi masa rahama. Ni tun da na shiga harkar nan SAE 40 na motocin gas nake zubawa a inji, baya kuma 90, kuma taraktocina na nan suna aiki. Wannan 140 na manyan motoci ne masu dakon kaya, ba na Massey ba.

Baba Makaniki Funtua:
Ɗana ka yi dabara da ka hana a kunna ta. Bari in fara da baya don nan ne mutane suka fi yin ɓarna. Bakaniken mota yana ganin giya ce kawai a wurin shi ya sa ya ce maka 140, amma a 135 akwatin giya da difaranshal da famfon haidirolik mai ɗaga hannu duk mai ɗaya suke sha, ciki ɗaya ne. Famfon yana zaune ne can ƙasa a nutse cikin man, shi yake zuƙa ya tura sama ya ɗaga garma. In ka ba shi mai mai kauri sosai zuƙar ma wahala take masa, za ka ji yana ƙara, hannu na ɗagawa da kyar yana tsalle-tsalle, a hankali famfon ya ci kansa. Kuma famfon nan ba arha ba ne yanzu.

Farin da ka gani kuma ruwa ne ya gauraya da man. Je ka duba gindin sandunan giya guda biyu, akwai roba da ke rufe su, na tabbata ta tsage ko ta fita gaba ɗaya. Ta nan ruwan sama yake bin sandar ya gangara ciki duk damina. In ba ka canza robar nan ba ko man da ya fi kowanne tsada ka zuba baɗi haka za ka same shi.

Ɗan Dandume:
Baba wallahi kamar kana wurin, yanzu na tura ƙanena ya duba, ɗaya ta tsage ɗayar ma babu ita. To shi na injin da ya haura geji fa, shi ma ruwa ne?

Baba Makaniki Funtua:
Ko ruwa ko gas. Mai ba ya ƙaruwa da kansa. Tunda ta daɗe a tsaye abin zai zo maka da sauƙi, ka sa sifana ka sassauta notin juye na ƙarƙashin inji kaɗan kaɗan kar ka cire shi duka, in akwai ruwa shi zai fara ɗigowa don ya fi mai nauyi yana kwance a ƙasa. In ruwa ne ka duba salansa, in ba ta da murfi to ta nan ya shiga, in kuma ruwan lagireto ya ragu to sai a fara zargin gaskit. In ba ruwa, ka murza man a yatsa ka shinshina, in ya tsinke yana warin gas to yawanci ƙaramin famfon gas ne na gefen inji, wanda ake bugawa da hannu, robar cikinsa ta huje gas na zarcewa cikin mai. Wani lokacin kuma sil ɗin babban famfon nozul ne, wato robar da ke hana yoyo. Ka gyara wannan tukuna kafin ka zuba sabon mai, in ba haka ba asarar kuɗi ce.

Injiniya Samaru:
Salam. Baba ya gama magana a kan ruwa, ni bari in ƙara a kan zaɓin mai. Ita 135 an fara ƙera ta a 1964, waɗanda suka shigo mana galibi daga masana'antar Coventry ta Ingila suke, injin kuma Perkins ne AD3.152 mai silinda uku, lita 2.5. Injin gas ne, don haka abu na farko da za ka duba a jikin galan ba lambar kauri ba ce, ka nemi inda aka rubuta API, wato alamar da ke nuna irin injin da aka yi man dominsa. In ka ga harafin C a gaba, kamar CF ko CH-4 ko CI-4, na injin gas ne. In S kawai ka gani kamar SL, na fetur ne. Yawancin 20W-50 da ke kasuwa don motocin fetur aka yi su, injin gas kuwa yana tara baƙin hayaƙi a cikin mai kuma sulfar da ke cikin gas tana zama asid, to man C shi ne aka haɗa da sinadaran da za su riƙe dattin su kashe asid ɗin.

Ni shawarata 15W-40 na gas. Da safe lokacin hunturu yana saurin hawa ya kai ga metal, wato ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu, in inji ya yi zafi kuma kaurinsa daidai yake da SAE 40 ɗin da Alhaji ke zubawa. Inji yana cin lita 6 da ɗoriya har da filta, ka sayi 7 ka bi geji. Kar ka wahalar da aljihunka da sintetik.

Alhaji Mai Haro:
Injiniya ranka ya daɗe ban ƙi taka ba, amma a littafi ne. Inji ya haura shekara 50, ringi ya saki, ka zuba masa 15W-40 a zafin watan Afrilu ka ga yadda zai sha shi yana hayaƙi. Kuma ni na taso ina jin magabata na cewa man zamani mai wanki in ka zuba a tsohon inji yana ɓamɓaro dattin da ya daskare ya toshe hanyoyin mai injin ya buga.

Injiniya Samaru:
Alhaji maganar shan mai akwai gaskiya a ciki, injin da ya gaji sosai SAE 40 zalla yana ɗan rage masa sha, kuma a zafinmu ba laifi ba ne matuƙar na gas ne mai harafin C. Abin da kawai zan roƙa, mai zuba 40 ya bar inji ya ɗumama da safe kafin ya ɗora masa nauyi. Amma maganar man wanki ba ta shafi wannan injin ba. Wancan tsoron na tsofaffin taraktocin fetur ne da mai ba ya bi ta filta gaba ɗaya. Perkins tun asali da mai mai wanki aka tsara shi kuma duk man ta filta yake wucewa kafin ya je ga metal. SAE 40 ɗin da kake saye a gidan mai ma akwai sinadarin wankin a cikinsa Alhaji.

Alhaji Mai Haro:
To na ji. Ni dai ina kan 40 ɗina.

Maman Khadija:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba makanikiya ba ce amma ni ke sayen man taraktarmu da hannuna, abin da zan ce wa Ɗan Dandume shi ne duk wannan lissafin na C da S ba zai amfane ka ba in man jabu ka sayo. An taɓa kawo mana galan sabo fil da hatiminsa daga wani shago, da aka buɗe man ya yi duhu yana warin ƙuna, ashe tsohon mai ne aka tace aka ɗura. Tun daga nan babban gidan mai nake zuwa ko wurin dila, in duba bakin murfin da kyau, kuma in an juye sai na sa an huda galan ɗin don kar ya koma hannun masu ɗurawa. Na kwalba da ake aunawa a bakin titi kuwa ko kyauta ne kar ka karɓa.

Ɗan Dandume:
Na gode Hajiya, Allah ya saka. To Injiniya bayan fa? Alhaji ya ce 90, Baba ya ce kar mai kauri, ni 90 ɗin ma ina jin kamar ya ninka 40 kauri.

Injiniya Samaru:
A'a ba haka lissafin yake ba. Ma'aunin man giya daban, na man inji daban. Giya oyil 90 kaurinsa kusan ɗaya ne da man inji 40 zuwa 50. Shi 140 ne ya yi nisa sosai. Damuwata da 90 na kasuwa ba kauri ba ne, abin da aka zuba a ciki ne. Duba galan za ka ga GL da lamba, wato ajin man giya. Tsofaffin Ferguson da aka ce a zuba musu 90, GL-1 ake nufi, mai zalla. Wanda ya cika kasuwa yanzu GL-5 ne, shi ne mai warin nan mai hawa kai, an cika shi da sinadarin sulfa don difaranshal ɗin mota. To a cikin famfon haidirolik na Massey da wasu bushin akwai tagulla, sulfar nan in mai ya yi zafi tana iya cin tagulla a hankali. Wasu kamfanonin sun gyara nasu GL-5 ɗin ba ya yi, amma mai shago ba zai iya gaya maka wanne ne ba, me zai kai ka.

Abin da ya fi dacewa shi ne man tarakta da aka yi musamman don giya da haidirolik a haɗe, za ka ga an rubuta UTTO, ko STOU wanda shi har inji ana zuba shi. In ka juya bayan jarkar ka ga lambar Massey irin M1135 ko M1143 ko M1145 to ka samu. Masu sayar da kayan tarakta a Kano da Kaduna da Zariya suna kawo shi a jarka mai lita 20.

Baba Makaniki Funtua:
A nan ne zan saɓa da Injiniya kaɗan. Man nan na UTTO mai kyau ne ban musa ba, amma ruwa-ruwa ne, a sabuwar tarakta ko wadda aka yi wa aikin famfo lafiya lau. Wannan kuwa famfonta da silindar ɗaga hannu sun sha aiki, sil ɗin ƙafafun baya sun bushe a rana. Na sha gani da idona, a zuba mai tsinkakke, da rana ta yi tsaka mai ya ɗau zafi sai ka ga haro na sauka da kansa famfo na ta ƙoƙarin mayar da shi, bayan kwana kaɗan kuma mai ya biyo ta sil ya jiƙa birki. Birkin 135 busasshe ne na ganga, da mai ya taɓa shi shikenan ka taka ba ta tsayawa, ga tirela cike da taki a bayanka. Ni tsofaffin 135 da ke zuwa garejina man inji nake zuba musu a baya, 15W-40 ko SAE 40, ba ya cin tagulla, ana samunsa ko'ina, kuma manomi jarka iri ɗaya zai riƙa saye ba ruɗani.

Injiniya Samaru:
Baba ban ƙi ba, man inji a bayan 135 ya fi GL-5 da 140 nesa ba kusa ba, kuma a Ingila ma mai iri ɗaya ake zuba wa da yawansu gaba da baya. Sai dai sil da ya mutu canza shi ake yi, kauri ɓoye ciwon kawai yake. Sannan a tambayi Ɗan Dandume ko tasa mai irin giyar da ake kira Multi-Power ce, don in ita ce akwai kuloci na mai a cikin giyar, mai kauri ba nata ba ne sam.

Ɗan Dandume:
Yaya zan gane Multi-Power ɗin yallaɓai?

Direban Tantan Kura:
Duba jikin dashbod kusa da sitiyari, in akwai wani ɗan liba da ake turawa sama da ƙasa an rubuta High da Low to ita ce. In sandunan giya biyu ne kawai a tsakanin ƙafafunka ba komai a dashbod to gama-gari ce.

Ɗan Dandume:
Babu liban, gama-gari ce kenan. Kuma mun sassauta notin kamar yadda Baba ya ce, ruwa bai fito ba amma man warin gas yake sosai. Gobe in sha Allahu za a kwance ƙaramin famfon. Baba dan Allah yi min bayanin juyen kansa dalla-dalla don da hannunmu za mu yi.

Baba Makaniki Funtua:
Madalla, gas ya fi ruwa sauƙin magani. A ƙa'ida da zafi ake juye don mai ya tsinke ya kwaso datti, amma wannan karon kar ka kunna da ruɓaɓɓen man nan, ka juye shi a sanyi ka bar notin a buɗe ya yi ta ɗiga har ya tsane. Filta kuma in irin ta da ce mai gwangwani da ake zare takardar ciki, ka kula da wannan sosai: akwai siririyar roba zagayayya da ke maƙale a cikin kan filtar can sama inda ido ba ya gani, sai ka sa tsinke ko ƙaramin sukundireba ka ƙwaƙulo tsohuwar kafin ka sa sabuwa. Yara da yawa suna ɗora sabuwa a kan tsohuwa, ana tada inji mai ya yi ta feshi. Ka wanke gwangwanin da gas, ka lura da sifirin da wosha na ciki kar su bi tsohon mai a zubar.

In ka zuba sabon mai kar ka tada ta kai tsaye. Ja mabuɗin kashe inji waje, wannan da ake ja ta mutu, ka bar shi a jawe ka yi sitata kaɗan kaɗan har allurar gejin mai ta motsa, sannan ka mayar ka tayar. In ta kama, allura ta zauna tsakanin 30 da 60 in kana ba ta wuta. In ba ta motsa ba kashe nan take. Man farkon nan kuma kar ka bar shi ya daɗe, yi aikin sati ɗaya ko biyu ka sake juyewa da sabuwar filta, daga nan sai ka koma lissafin awa.

Baya kuma ka sauke hannun ɗagawa ƙasa gaba ɗaya don man da ke cikin silinda ya dawo. Notin juye biyu ne, ɗaya a ƙarƙashin giya ɗaya a ƙarƙashin difaranshal, in ka buɗe ɗaya ka bar ɗaya rabin ruwan na nan. Ka tanadi babban baho don abin da zai fito ya kai lita 25 zuwa 30. A kan notin akwai maganaɗisu, garin ƙarfe laushi ba komai ka goge, amma in ka ga gutsattsarin haƙori ka ɗauki hoto ka turo. Famfon yana da rariya, a cire a wanke. Wurin zubawa na nan kusa da sandar giya, geji kuma a murfin gefen dama. Ka zuba a hankali kana jira don man ba ya saurin ratsawa zuwa baya, kuma kar ka wuce alama, cikawa fiye da kima ma tana tura mai kan birki.

Direban Tantan Kura:
Mu a nan in mai ya yi fari haka gas muke zubawa a bayan mu ɗan zagaya da ita sannan mu juye, tas yake wankewa.

Baba Makaniki Funtua:
Ana yi, amma ni ba na son a yi tafiya da ita da gas zalla, famfo da boris suna gogar juna ba mai. In za ka wanke buɗe murfin gefe ka watsa gas ɗin da hannu ka sa buroshi ya fita ta ƙasa, ka bari ya tsane. A inji kuwa ko da wasa kar a zuba gas ko kananzir a kunna.

Maman Khadija:
Kuma dan Allah tsohon man kar a zubar a gona ko kusa da rijiya. Masu shafa wa dabbobi shi don ƙazuwa ma su daina, guba ne. A ɗura a jarka a rufe.

Manomin Saminaka:
Salam jama'a, na amfana sosai. Ni Massey 375 gare ni, kenan ni ma in zuba man inji a baya kamar yadda Baba ya ce?

Injiniya Samaru:
A'a malam, kar ka ɗauki maganar 135 ka ɗora wa taka. Birkin 375 a cikin mai yake wanka, yana buƙatar UTTO ko STOU da aka rubuta ya dace da birkin cikin mai. In ka zuba man inji zalla ko giya oyil za ka ji birki na gurnani yana fizga in ka taka, faifan kuma su lalace.

Baba Makaniki Funtua:
A wannan kam bakinmu ɗaya da Injiniya.

Alhaji Mai Haro:
Duk kun manta da mai na uku. Ɗan Dandume duba filtar iska, in irin mai kofi ce a ƙasa to ita ma mai take sha. Kwance kilif ɗin ka sauke kofin, za ka tarar da laka ta daskare a gindi, ka kankare ka wanke da gas ka zuba man inji daidai layin da aka zana, kar ka wuce don inji na iya zuƙe shi ya yi ta gudu ka kasa kashe shi. Lokacin haron farko da ƙasa ke bushe ƙura na tashi, direbobina kullum da safe sai sun sauke kofin nan kafin su fita. Ƙura ita ke cinye ringi fiye da komai.

Ɗan Dandume:
Mai kofin ce Alhaji, na gode. Saura tambaya ɗaya, gejin awa nata ya mutu, ta yaya zan san lokacin juye ya yi?

Injiniya Samaru:
Galibi wayar da ke juya gejin ce ke tsinkewa, ana samunta wurin masu kayan Massey, ka gwada canza ta tukuna. Kafin nan ka sa direba ya riƙa rubuta awannin aiki a ɗan littafi kullum da yamma. Inji kar ya wuce awa 200 zuwa 250, da irin ƙurarmu da gas ɗin da muke samu ni a 150 nake cewa a juye, da filta duk lokaci. Na baya sau ɗaya a shekara ya isa, a ƙarshen damina kafin a ajiye ta, don kar ruwan da ya shiga ya kwana a kan giya har rani ya wuce. Amma bana tunda ruwa ya zauna a ciki ka riƙa zaro gejin duk sati, in ya sake yin fari ka ƙara juyewa ko lokaci bai yi ba.

Direban Tantan Kura:
Robar sandar giya kuma ka sayi biyu biyu ka ajiye, na yanzu ba sa jure rana. In babu a kusa ka yanka tsohon tub na babur ka ɗaure da waya kafin a kawo maka daga Kano.